Ta yaya za mu san aikinmu yana canza rayuwar mutane?

Malamar Ɗinki:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina aiki da wata ƙaramar ƙungiya mai koya wa zawarawa ɗinki. Duk shekara muna aika wa masu tallafa mana adadin matan da suka kammala da kekunan da muka raba. Bana sai suka ce tasiri suke son gani. Ni ma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, don na taɓa shiga ɗakin wata ɗalibarmu na tarar da kekenta a lulluɓe da zani, an jera kwanuka a kai. A takarda kuwa tana cikin waɗanda suka yi nasara. Ta ina ake farawa?

Dattijo:
Wa'alaikumus salam Malama. Ku aikinku kuke ƙirgawa, su kuma abin da ya canza suke tambaya. Ranar da mace ta shigo, ku rubuta abin da take samu a wata, da bashin da ake bin ta, da yawan 'ya'yanta da ke makaranta. Bayan shekara ku sake tambaya. Amma ko ta samu ci gaba, wa ya ce ɗinkin ne sila? Shi ya sa ake kwatantawa da wasu irinta da ba su shiga ba, kamar waɗanda ke jiran gurbi. A kan irin wannan gwaji aka ba masana tattalin arziki Abhijit Banerjee da Esther Duflo da Michael Kremer kyautar Nobel a 2019. Kremer da abokan aikinsa sun gwada raba littattafan karatu a makarantun Kenya, sai ga shi yaran da dama can suke da ƙoƙari ne kawai suka amfana. Wanda ya ƙirga littattafai zai ce an yi nasara.

Uwar Biyu:
Gaskiya ne Baba, sai dai kada Malama ta je tambayar da kanta. Wadda kika ba keke kyauta kunya ba za ta bar ta ta ce miki bai yi amfani ba. Ku tura wadda ba su sani ba. Kuma don Allah a nemo waɗanda suka daina zuwa.

Malamar Ɗinki:
Allah Ya saka da alheri. Muna da rajistar masu jiran gurbi, da su zan fara. Baba, ko za ka duba mini tambayoyin kafin sabon aji ya zauna?