Ido ya hana yayana aiki, yaya za a lissafa masa fansho?

Tambaya

Assalamu alaikum. Daga wani ƙauye kusa da Ringim nake. Yayana ma'aikacin Gwamnatin Tarayya ne tun 2000, shekararsa 48, yanzu ido ya ƙi, ko takarda ba ya iya karantawa. Maƙwabcinmu da ya yi ritaya daga ƙaramar hukuma ya ce a shekara 25 garatuti ya fi ninkin albashin shekara biyu. Haka za a yi wa Yaya? Kuma sai ya jira ya cika 50?

Amsa ta farko

Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Malam, maƙwabcinku bai yi ƙarya ba, amma ba layinsu ɗaya da Yaya ba. A Jigawa da Kano ana cire wa ma'aikaci kashi 8, gwamnati ta zuba 17, kuɗin su taru a tukunya ɗaya, ranar ritaya a duba albashinsa na ƙarshe da shekarun aiki. Lissafin da mutane suka haddace na tsohon jadawalin Tarayya ne: a shekara 10, garatuti kashi 100 na albashin shekara, fansho kashi 30. Kowace shekara bayan nan garatuti ya ƙaru da 8, fansho da 2, har shekara 35 inda suke tsayawa a 300 da 80. Shekara 25 ke nan 220 da 60. Mai albashin N1,200,000 a shekara zai ɗauki N2,640,000, sannan N60,000 duk wata.

Yaya kuwa yana tsarin adashen fansho da aka fara a 2004. Nan babu jadawali, abin da ke cikin asusunsa na RSA, wato asusun ajiyar fanshon da ke da sunansa, shi ake kasawa.

Amsa ta biyu

Bari in ɗora. Tun dokar fansho ta 2014 ana cire masa kashi 8, gwamnati ta sa 10 (a da 7.5 ne kowane ɓangare), kuma daga albashin asali da kuɗin gida da na mota ake cirewa. In ukun nan sun kama N100,000, N18,000 ke shiga duk wata, ga ribar da kamfanin fanshonsa, wato PFA, ya juyo. Shekarunsa na 2000 zuwa 2004 ba su faɗi ba, gwamnati ke lissafa su daban ta zuba masa, kuma a baya galibi jiransu ne ke jawo jinkirin biya.

PFA zai duba jimillar kuɗin, shekarun haihuwa, namiji ne ko mace, da albashin ƙarshe. Kuɗin dunƙulen da yake bayarwa daga cikin asusun yake fitowa, yawanci daga kashi 25, don haka in aka ɗebi da yawa na wata sai ya rame. Ga abin da ba ya yi wa mutane daɗi: mai 48 zai samu ƙasa da mai 60 ko da kuɗinsu ɗaya, domin nasa za a shimfiɗa a shekaru masu yawa.

Sauran kuɗin ko ya bar su PFA na biyansa, in ya rasu ragowar ta magada ce, ko ya sayi fanshon kamfanin inshora mai biya har mutuwa, amma magada ba su da komai in ya wuce shekara 10 yana karɓa.

Amsa ta uku

Batun 50, ba sai ya jira ba, muddin an yi masa ritayar rashin lafiya. Ƙwararren likita ko kwamitin likitoci zai rubuta cewa ba zai iya aikin ba, kuma takardar ritayar da ma'aikatarsa za ta bayar ta faɗi dalilin ƙarara. Kada ya kuskura ya rubuta takardar ajiye aiki don gajiya da zirga-zirga. In ya yi haka, sai ya yi wata huɗu ba aiki kafin a ba shi kashi 25 na asusun, sauran kuma sai ya cika 50.

Ku tambaye shi ko aikin ne ya taɓa idon, kamar walda ko sinadari. In haka ne akwai diyyar NSITF, hukumar da ke biyan diyya ga ma'aikacin da aiki ya nakasa, ƙarƙashin dokar 2010, daban da fansho: nakasa gaba ɗaya kashi 90 na albashi duk wata. Sai dai ana son a shigar da buƙata cikin shekara ɗaya.

Amsa ta huɗu

Kafin komai, ɗan'uwa, ka raka shi ofishin PFA ɗinsa ku karɓo bayanin asusu tun daga farko, ku bi wata-wata da biro. Watan da aka cire a takardar albashi amma bai shiga ba, a rubuta wa ma'aikata tun yana bakin aiki. Sannan ku jera takardar ɗaukar aiki, ta ƙarin girma ta ƙarshe, shaidar haihuwa da NIN a kan tabarma. In nan an rubuta Muhammadu can Mohammed, ko 1977 nan 1979 can, fayil zai kwanta har sai an gyara.