Shawarwarin da na tsinta kan karatun Advaita

Daren jiya mun raba dare da abokai muna tattauna Advaita Vedanta, falsafar Indiya da malamin addinin Hindu Shankara ya fayyace wajen ƙarni na 8. Ma'anar kalmar ita ce "ba biyu ba": sanin da ke cikin mutum, Atman, shi ne Brahman, asalin komai.

Shawarar da ta fi shiga raina ita ce mai karatu ya fara da lura da kansa kafin gardama. Mandukya Upanishad, wani tsohon nassin addinin Hindu mai aya 12 kacal, ya lissafa hali uku: farke, mafarki, barci mai nauyi, sannan na huɗu, turiya, sanin da ke shaida su duka. Ka tashi da asuba ka ce, "Na yi barci, ban san komai ba." To wa ya shaida rashin sanin? Har yanzu tambayar nan tana cina.

Wani dattijo ya ja kunnenmu cewa malaman Advaita ba su ce duniya babu ita ba. Misalinsu igiya ce a bakin ƙofa da magariba, ka ɗauka maciji ne, gabanka ya faɗi. Da aka kawo fitila, igiyar tana nan, kuskuren gani ne ya gushe.

Wata malama kuma ta ce kada mu yi gaggawar haɗa wannan da wahdatul wujud, wato ra'ayin cewa samuwa ɗaya ce tak, da ake jingina wa malamin Sufaye Ibn Arabi, domin a tauhidi bawa bawa ne, Ubangiji Ubangiji ne. Na yarda da ita ƙwarai.