Neman Kalma: Me Za Mu Kira Mai Kai Littafin Marubuci Ga Kamfanin Ɗab'i?

Mai Fassara, Samaru: Assalamu alaikum, malamai. Ranar Asabar zan gabatar da lacca ga matasan marubuta kan yadda ake neman a buga wa mutum littafi a Ingila ko Amurka, kuma dole takardar ta isa wurin mai bugawa kafin la'asar ɗin Alhamis. Inda na cije shi ne sunan mutumin da Turawa ke kira literary agent. Manyan kamfanoni irin su Penguin Random House da HarperCollins galibi ba sa karɓar littafi sai ta hannunsa. Marubuci yakan kammala labarinsa tsaf, ya aika masa wasiƙa mai shafi ɗaya, da taƙaitaccen labarin har ƙarshensa, da babi uku na farko, idan mutumin ya yaba sai ya nemi sauran. Ba ya karɓar ko sisi sai kamfani ya sayi littafin, sannan ya cire kashi 15 cikin 100, ko kashi 20 idan haƙƙin fassara aka sayar a wata ƙasa. Ina neman sunansa, da na wasiƙar, da na kasonsa, da na kuɗin da kamfani ke bayarwa kafin littafi ya fito.

Malama, Kongo: Wa alaikumus salam, Malam. Ai biyu daga ciki suna kasuwa tun kaka da kakanni. Mutumin dillalin adabi ne, kasonsa kuwa la'ada. Kuɗin da ake bayarwa da farko shi ne kafin alƙalami, tunda daga baya ana cire shi daga abin da marubuci zai samu a cinikin littafin.

Ɗalibi, Sabon Gari: Allah ya gafarta malamai, me zai hana a ce ejan? Kowa ya san kalmar daga rumfar zaɓe da tashar mota.

Tsohon Edita, Tudun Wada: Ɗana, wannan sanin da aka yi mata shi ne illarta, domin wanda ya ji ejan akwatin ƙuri'a zai tuna. Malama, ban yarda da dillali ba. Dillali a tsakiya yake tsayawa, sau da yawa yana cin la'ada daga mai saye da mai sayarwa, kuma da an ce Allah ya sa albarka ya kama gabansa. Wannan kuwa bayan marubuci kaɗai yake, yana gyara littafin tare da shi kafin a fita da shi, yana tsefe yarjejeniya, yana bin bashin kuɗinsa shekaru. Ni na daɗe ina kiransa mai iso. A fada ba ka faɗa wa Sarki kai tsaye, sai an yi maka iso, kuma haka marubuci yake a ƙofar waɗannan kamfanoni. Kalmar tamu ce tsantsa, alhali dillali da la'ada duk daga Larabci aka aro su.

Malama, Kongo: Baba, ranka ya daɗe, idan aron Larabci laifi ne, to littafi da alƙalami da adabi duk sai mu mayar wa masu su, laccar Malam ta tashi ba kan magana. Kuma mai iso sallama kawai yake kaiwa, ba ya ciniki, alhali rabin aikin mutumin nan tsayawa ne kan farashi, har yakan sa kamfanoni da dama su yi gwanjon littafi ɗaya.

Tsohon Edita, Tudun Wada: 'Yata, ba na ƙin aro, ƙasƙanci nake ƙi. A garin nan na Zariya Hukumar Talifi ta zauna, a nan Baturen nan Rupert East ya shirya gasar rubuta littattafan Hausa ta 1933, a nan aka fara Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 da kamfanin ɗab'i na NNPC a 1966. Garin da ya raini alƙalamin Abubakar Imam ba zai koya wa yaransa cewa littafi tsohuwar atamfa ce da dillaliya ke yawo da ita gida gida ba.

Baƙo Daga Kano: Baba, duk waɗannan hukumomi da kansu suke neman marubuta, shi ya sa ba a taɓa buƙatar kalmar ba. Mu kuwa a Kano marubuci shi ke biyan mai maɗaba'a, ya ɗauki kayansa ya kai wa 'yan kasuwa, kuma bai ji kunyar kalmar dillali ba. Af, kafin Zazzagawa su raɗa wa kalma suna, ya kamata a fara sanar da mu ko "ne" za a bi ta da shi ko "ce".

Tsohon Edita, Tudun Wada: Malam, littattafan da aka koya maka "ne" da "ce" da su a makaranta, a Tudun Wada aka buga su.

Mai Fassara, Samaru: Don Allah malamai, Alhamis tana matsowa. Akwai dalilin da ya sa nake tsoron dillali: babban abin da nake so matasan su riƙe shi ne cewa na gaskiya ba ya neman kuɗin karatu ko na rajista, kuma duk wanda ya nema a guje shi. Wanda ya ji dillali zai zaci dole ya fara ba da na goro. Mai iso ma, a gafarce ni Baba, an saba yi masa ihsani a ƙofa. Me kuka gani game da wakilin marubuci?

Malama, Kongo: Ba ta da armashi, amma ta faɗi gaskiyar aikin, tunda wakili da yawun wanda ya naɗa shi yake magana. Na janye dillali, la'ada da kafin alƙalami kuwa suna nan. Isonku kuma, Baba, wasiƙar ya fi dacewa da ita, domin a nan marubuci ne ke tsaye a ƙofar wakili yana jiran a ce ya shigo, wani lokaci wata uku ba amsa. A kira ta wasiƙar neman iso.

Tsohon Edita, Tudun Wada: Kin ɗauke kalmata kin ba wasiƙa, kin bar mutumin da sunan da wakilin ango ma yake amsawa. Malam, rubuta yadda suka ce tunda lokaci ya ƙure maka, amma ni a aljihuna mai iso ne, kuma zan zo ranar Asabar in faɗa wa yaran haka.

Ɗalibi, Sabon Gari: To shi taƙaitaccen labarin da ake haɗawa da wasiƙar fa, tsakure ne ko gundari?

Mai Fassara, Samaru: Tsakure ya fi kama da babi ukun nan. Ɗayan zan bar shi taƙaitaccen labari, sai idan wani ya kawo abin da ya fi kafin azahar ɗin Alhamis.