Ganyen kaka a harabar jami'a: yaushe ake fita, ina ake tsayawa?

Mai tambaya: Salamu alaikum. Yayyenmu da suka riga mu zuwa karatu ƙasashen sanyi, yaushe ganye ke juyewa ja da ruwan ɗorawa?

Daga Boston: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin daga arewa yake gangarowa. A nan Amurka, arewacin jihar Vermont yakan kai ƙololuwa ƙarshen Satumba zuwa farkon Oktoba, Boston sai rabin Oktoba na biyu. Kyansa na gaske mako ɗaya ne zuwa biyu, kuma ruwa ɗaya mai iska ya isa ya kakkaɓe shi. Ka riƙa duba hasashen yanayi. In an ce ruwa gobe, yau za ka fita. Gandun bishiyoyin Jami'ar Harvard, Arnold Arboretum, tun 1872 yake, shiga kyauta, bishiyoyin kuma da sunayensu a jiki.

Daga Ithaca: A Jami'ar Cornell, a je gefen tafkin Beebe da safe, kafin iska ta motsa ruwan. Ja ba kowace shekara yake fita da kyau ba. Ruwan ɗorawan dama yana cikin ganyen, koren ne ya rufe shi, da rana ta gajarta sai ya bayyana. Jan kuwa sai bishiyar ta haɗa shi daga sukari, shi ya sa yake son rana tas da dare mai sanyin da bai kai ga daskarewa ba. In an yi ƙarancin ruwan sama ko gajimare mai yawa, launin ya dusashe. Mapul, mai ganyen tutar Kanada, ita ce gwanar ja.

Daga Tokyo: Mu nan layin bishiyar ginko a harabar Hongo ta Jami'ar Tokyo sai ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Disamba. A kula da ƙasa: ginko akwai mace da namiji, 'ya'yan macen wari gare su kamar man shanun da ya lalace, in ka taka har aji zai bi ka.

Daga Boston: Batun hoto, kada ka bai wa rana baya. Sa ganyen tsakaninka da ita, da hantsi ko la'asar sakaliya, ka ɗan rage hasken wayar. A tuna ana mayar da agogo baya awa ɗaya ranar Lahadin farko ta Nuwamba, magariba nan ta dawo wajen 4:30, don haka ana idar da la'asar a fita.

Daga Michigan: 'Yan uwa, jiƙaƙƙen ganye santsi ne da shi, mai keke kada ya kama birki a kwana. Kwanciya cikin tarin ganye kuma a yi hattara, akwai kaska mai sa cutar Lyme; a cusa ƙafar wando cikin safa. Mai son ajiye ganye ya haɗa gilisarin (wani ruwa mai kauri da ake sa wa a man shafawa) kashi 1 da ruwa kashi 2, ya nutsar da shi kwana 3 zuwa 5. Wanda ya riga ya bushe ba ya shan haɗin, sai a tsinci wanda ya faɗo yanzu.