Yadda ƙyamar ƙabila ke shiga zuciyar yaro: shawarwarin malamai da iyaye

A tattaunawar malaman firamare da iyaye a Marwa da ke arewacin Kamaru, an yi ittifaƙi cewa ɗan shekara 3 zuwa 4 ya riga ya fara lura da bambancin launi da yare. Tsakanin shekara 5 da 7 ƙyamar ke ƙarfi, kuma galibi a gida ake ɗauko ta: sunan raini da ake kiran maƙwabci da shi, ko uwa ta ware wa baƙo kofinsa daban, ta wanke shi sau biyu a gaban yara.

In yaro ya furta irin wannan, kar a daka masa tsawa, ɓoyewa kawai zai koya. A tambaye shi inda ya ji, a tuna masa wani ɗan ƙabilar da ya sani.

Zama aji ɗaya bai isa ba. Gordon Allport, masanin halayyar ɗan Adam, ya zayyana sharuɗɗan da cuɗanya ke rage ƙyama tun 1954: matsayi ɗaya, buri ɗaya, haɗin gwiwa da goyon bayan manya. Saboda haka a gauraya Hausawa, Fulani, Musgum da Larabawan Shuwa a ƙungiyar ƙwallo ɗaya, kyaftin ya riƙa sauyawa. In aka raba ƙungiyoyin ƙabila-ƙabila, gasar ce ke rura wutar.