Ƙanina na tarin jini amma an ce ba tarin fuka ba ne

Maman Khalifa:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu ilimin lafiya ku taimaka min. Ƙanina ne, saurayi, wasu jajayen ɗige-ɗige suka feso masa a ƙafafu har mazaunai, ko an danna ba sa ɓacewa, ga ciwon gwiwa ga ciwon ciki, mu duk mun ɗauka borin jini ne, sai kwatsam numfashi ya fara gagararsa yana tofar da jini. An gwada majina da GeneXpert, na'urar gwajin tarin fuka, babu TB, yanzu likita ya ce wai kumburin ƙananan jijiyoyin jini ne ya taɓa huhu. Dama ciwon fata yana shiga huhu?

Abu Sadiq:
Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Ni dai a sake gwajin TB ɗin nan, a garin nan tarin jini ai sunansa ɗaya.

Likitan Ciki:
Malam Abu ba ka yi laifi ba, dole a tabbatar babu TB tukuna don maganin da za a ba shi yana danne garkuwar jiki. Amma Hajiya abin da kika kwatanta ya yi kama da IgA vasculitis, ba ciwon fata ba ne, garkuwar jiki ce ke kumbura ƙananan jijiyoyi, a fata ne kawai ido ke gani. Yara ya fi kamawa kuma galibi yakan lafa da kansa, zubar jini cikin huhu ba kasafai ba ne, an fi ganinsa a wani nau'in kumburin jijiyoyin jini da ake kira ANCA vasculitis, shi ya sa za su gwada wannan ma. Abin da ke yaudarar mutane, kusan ɗaya cikin uku na masu zubar jini a huhu ba sa ma tofar da jinin, sai dai PCV, wato ma'aunin yawan jinin jiki, ya yi ta sauka, hoton ƙirji ya yi fari-fari gefe biyu a yi ta ba da maganin nimoniya a banza.

Maman Khalifa:
Wallahi haka aka yi likita, har ƙarin jini aka yi masa. To me ya haɗa da fitsari, kullum sai sun karɓa?

Likitan Ciki:
Ƙoda suke dubawa, tana iya taɓuwa shiru babu ciwo, jini ko furotin a fitsari ne ke fara nunawa. Magani methylprednisolone ne ta jijiya, in abin ya yi tsanani a ƙara cyclophosphamide ko rituximab. Kar ku nemi sallama don ya daina tari, kuma ibuprofen da diclofenac na kemis a ajiye su gefe.