Dan Allah ku ba ni shawara, 'yata kuka take yi duk ranar da suke da lissafi

Maman Ummi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ina karanta abubuwan da ake tattaunawa a nan ban taɓa magana ba sai yau da abin ya ishe ni. 'Yata shekararta 9, tana aji huɗu na firamare a wata makarantar kuɗi a nan Kano. Karatunta lafiya lau, Hausa da turanci da islamiyya duk tana ƙoƙari, amma lissafi wallahi kamar an haɗa ta da dodo. Ranar Litinin da Laraba da suke da shi da safe tun asuba za ta fara cewa cikinta na ciwo, da farko na ɗauka ƙarya ce sai da na ga har amai ta yi rannan a bakin ƙofa. Zangon da ya wuce 23 ta ci cikin 100. Da na matsa mata sai ta ce min ankul ɗinsu yana tsayar da su ɗaya bayan ɗaya su kawo haddar sau, duk wanda ya kakare bulala uku a hannu, kuma ya taɓa ce mata a gaban aji wai kanta kamar kwakwa ba komai ciki sai ruwa. Babanta ya ce a sa ta lesin, an sa, dubu takwas a wata muke biya, wata uku ke nan ba abin da ya canza sai ma ƙarin kuka. Abin da ya fi ɗaure min kai, ina sayar da awara da zoɓo a gida kuma ita take ba yara canji, ko sau ɗaya ban taɓa kama ta da kuskure ba. To ta yaya mai ba da canji daidai za ta ci 23? Ni ma gaskiya ban iya lissafi ba tun ina makaranta, har ina ce mata ta yi haƙuri gado ta yi. Dan Allah masu ilimi da iyaye ku taimaka min, saura shekara biyu ta rubuta kwaman entirans.

Anti Binta, malamar firamare:
Wa alaikumus salam Maman Ummi. Shekarata 14 ina koyar da aji uku da huɗu, irin 'yarki na gani da yawa. Kafin komai dan Allah ki daina ce mata gado ta yi. Na san lallashi kike nufi amma abin da yarinya ke ji shi ne an gama yanke mata hukunci tun kafin a haife ta, to me za ta wahalar da kanta a kai? Kuma ke ɗin ma ba gaskiya ba ne, macen da take auna waken suya ta san kuɗin mai da gawayi ta fitar da riba ba za a ce ba ta iya lissafi ba.

Ga abin da nake so ki yi yau da daddare. Ki rubuta mata 52 a cire 27 a takarda, kar ki ce jarrabawa ce, ki dai ba ta ki ci gaba da aikinki. Sai ki dawo ki gaya mana me ta rubuta. Kar ki gyara mata komai.

Maman Ummi:
Anti na yi. 35 ta rubuta. Amma da na ce mata wani ya sayi awarar 270 ya ba ki 520, nan take ta ce canjinsa 250 ko takarda ba ta kalla ba.

Anti Binta, malamar firamare:
Yawwa, abin da na zata ke nan. Kin ga yadda aka yi 35 ta fito? Ta kalli 2 da 7 ta ga ba za a cire 7 daga 2 ba sai ta juya ta cire 2 daga 7 ta samu 5, sannan 5 a cire 2 ta samu 3. Wato ba shirme ta yi ba, tunani ta yi, kawai dai ba wanda ya taɓa nuna mata me ake nufi da aron nan da muke cewa a ari ɗaya. Tun aji biyu aka wuce ta a wurin nan, ita kuma ana ta ɗora mata sau da rabawa a kan ginin da ba tushe. Mai lesin ɗin ma ina da tabbas aikin aji huɗu yake maimaita mata, shi ya sa kuɗinku ke tafiya a banza.

Maganinsa tsinken tsintsiya. Ki karya su gajeru-gajeru ku zauna tare ku ɗaure goma-goma da kyauro. 52 shi ne ɗauri biyar da tsinke biyu a warwatse. Ki ce ta ba ki 27. Za ta ga warwatsattun biyu ne kawai ba za su kai bakwai ba, ki yi shiru, kar ki ce komai, ki bar ta har ta gano da kanta cewa sai ta kwance ɗauri ɗaya. In ta kwance sun zama 12, ta cire 7 saura 5, ɗauri huɗu ta cire biyu saura biyu, 25 ke nan. Kwance ɗaurin nan shi ne aron. Ku yi sati biyu a haka kullum minti goma zuwa sha biyar, kar ya wuce haka, kuma ba lokacin da ta dawo makaranta a gajiye da yunwa ba. Sai hannunta ya saba sannan ku koma takarda, tsinken na gefe tana dubawa in ta so.

Baban Sadiq:
Ni fa ina ganin ana shagwaɓa yaran yanzu. Mu da dorina muka haddace sau biyu har sau sha biyu kuma ga shi har yau tana kanmu. In ba tsoro yaro ba ya karatu.

Hajiya Yaya:
Baban Sadiq ka yi haƙuri, ku nawa ne a ajinku, kuma nawa ne suka fito suna son lissafi? Mu 60 da wani abu ne a namu ajin, dukanmu an dake mu, waɗanda suka ci gaba da shi ba su kai biyar ba, sauranmu da muka shiga sakandare guduwa muka yi ajin adabi ba don muna so ba sai don kar mu sake ganin malamin lissafi. Ni sau uku na zauna WAEC da NECO saboda kiredit ɗin lissafi kaɗai, shekara uku ina gida ƙawayena suna jami'a. Har yau in aka ce min bakwai sau takwas gabana sai ya faɗi kafin in tuna 56. Yarinyar da take amai da asuba ba tsoro ne ya yi mata kaɗan ba.

Baban Sadiq:
To Hajiya na ji, maganar amai ɗin ce ban lura da ita ba. Allah ya ba ta lafiya. Amma dai hadda ba za a bar ta ba.

Anti Binta, malamar firamare:
Ba wanda ya ce a bar hadda Baban Sadiq, dole ta san sau a ka kafin aji shida. Amma a fara da ma'ana. Kiret ɗin ƙwai layi biyar ne kowane layi shida, ki ajiye mata shi a gaba ta ƙirga, ta juya shi ta ga shida sau biyar da biyar sau shida abu ɗaya ne, 30. Wannan kaɗai ya rage mata kusan rabin haddar. A fara da sau 2 da sau 10 da sau 5 waɗanda ta riga ta sani a kuɗi, sannan 4 wanda ninka 2 ne kawai. Sau 9 kuma akwai dabarar yatsu, ta buɗe hannu biyu, in 9 sau 4 ne ta lanƙwasa yatsa na huɗu daga hagu, uku a hagu shida a dama, 36. Yara suna mutuwar son wannan, za ki ga ta je tana koya wa ƙawayenta, kuma ranar da yaro ya koya wa wani to ranar ya fara jin shi ma wani ne a lissafi.

Ɗan Maraɗi:
Gaisuwa gare ku daga Nijar. Abin da Maman Ummi ta faɗa na canji ya tuna min da yaranmu. Nan da dala muke ƙirga kuɗi, dala ɗaya sefa biyar ce, in aka ce dala ashirin ana nufin 100, dala ɗari 500. Yarinya mai talla da ba ta taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, tana yin sau biyar a kanta sau ɗari a wuni. Amma ka kai ta aji a rubuta mata da faransanci, inda 80 ma sai an ce huɗu sau ashirin, sai a ce ba ta da kai. Ki duba ko turancin tambayoyin ne ma yake tare ta. Ki karanta mata tambayar ki fassara da Hausa ki ga ko za ta amsa, in ta amsa to matsalar ta harshe ce a wurin, sai ku riƙa koyon kalmomin da ke nufin a haɗa da waɗanda ke nufin a cire.

Malam Na Tsangaya:
Allah ya shiryar mana da zuri'a. Ina so in ƙara abu ɗaya saboda yaranmu da yawa sun ɗauka lissafi kayan nasara ne da aka kawo mana. Ki buɗe mata Suratun Nisa'i aya ta 11 da 12, rabi da rubu'i da sumuni da sulusi da sudusi duk suna ciki, ba a raba gado sai da su, zakkar kuɗi kuma ɗaya cikin arba'in ce. Kalmar aljabra ma daga littafin Alkhawarizmi ta fito, wanda ya yi aiki a Bagadaza a ƙarni na 9. A ƙasar nan tamu akwai Muhammad ɗan Muhammad Alfulani Alkashinawi, mutumin Katsina, ya rubuta littafi a kan hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741. Kuma Farfesa Iya Abubakar da ya shugabanci jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978 malamin lissafi ne. Ki zana mata irin wannan hatimin, gida tara, uku-uku, ki ce ta zuba 1 zuwa 9 yadda kowane layi, tsaye da kwance da karkace, zai ba da 15. Ki sa mata 5 a tsakiya ki bar mata sauran. Jikokina kwana biyu suka yi suna rigima a kansa ba wanda ya ce musu lissafi suke yi.

Maman Twins:
Ni abin da ya taimake ni ludo ne da dara wallahi. Da daddare in an ɗauke wuta sai mu kunna fitila mu yi ludo da ƙwaya biyu, dokar ita ce sai ka faɗi jimillar da baki kafin ka motsa. Kuma ina ba su 1000 su je shago da list su dawo su yi min bayanin canji. Sannan ki daina tambayarta nawa kika ci in ta dawo, ki ce nuna min yadda kika yi wannan. Ko ta yi kuskure ki ce mu gani a ina ya kauce.

Nas Hauwa:
Ki kai ta a duba idonta ma dan Allah, yara da yawa ba sa ganin allo sosai musamman in a baya suke zama, sai su kwafi 3 a matsayin 8 a yi ta dukansu. Akwai kuma wata lalura da ake kira diskalkuliya wadda yaro ke shan wahalar gane lambobi ko da an koya masa da kyau, amma yadda kika ce tana ba da canji ba kuskure ban ga alamarta ba. In kun yi wata biyu zuwa uku da tsinken ba wani motsi to sai ki nemi likitan yara. Ciwon cikin da aman kuma na gaske ne, fargaba tana kawo su, kar a ce mata ƙarya take yi.

Hajiya Yaya:
Kuma maganar ankul ɗin nan kar ki bar ta. Ki je ke da babanta, ba da faɗa ba, ku fara ganinsa shi kaɗai ku gaya masa yarinya har amai take yi, ku roƙe shi ya daina tsayar da ita gaban aji na ɗan lokaci ya bar ta ta rubuta a takarda. Wani sa'in su ma yara 50 ne a gabansu ga albashi ba ya isa, ba su san abin da kalma ɗaya take yi wa yaro ba. In bai ji ba sai ku wuce wurin hedimasta, kuɗi kuke biya.

Maman Ummi:
Na dawo in yi godiya, Allah ya saka wa kowa da alheri, yau kwana 16 ke nan. Mun je makarantar da babanta, ankul ɗin da farko ya ɗan haɗe rai amma da ya ji maganar aman sai jikinsa ya yi sanyi, ya ce zai dawo da ita layin gaba kuma ya daina tsayar da ita. Ido mun duba lafiya lau. Lesin mun dakatar tukuna. Tsinken muna yi bayan magariba, kwana ukun farko da ta ga na ɗauko takarda sai hawaye, sai na ajiye takardar gaba ɗaya muka yi ta ɗauri da kwancewa kawai, ƙaninta ɗan shekara 5 shi ne mai ɗaure mana. Rana ta biyar ita da kanta ta ce Umma ai sai na kwance ɗaya, wallahi sai da na shiga ɗaki na share hawaye. Jiya na ba ta guda goma a takarda ta ci bakwai, ukun da ta faɗi duk masu sifili ne irin 60 a cire 24 da 300 a cire 145. Litinin ɗin nan ba ta yi amai ba amma ta ce cikinta na ɗan juyawa, Laraba kuma ba ta ce komai ba ta ɗauki jakarta. Malam gidan taran nan har yanzu ba ta gama ba, ta hana kowa ya gaya mata. Anti Binta dan Allah masu sifilin nan yaya zan yi mata da tsinke, sai na yi ɗaurin ɗari ke nan?

Anti Binta, malamar firamare:
Masha Allah, bakwai cikin goma a sati biyu! E, ki haɗa ɗauri goma ki ɗaure su da zare mai kala ya zama ɗari ɗaya, ki yi guda uku. Ki ce ta ba ki 145 ki sake yin shiru kamar wancan karon, za ta kwance ɗarin ta samu gomomi, sannan ta kwance goma ɗaya. Ki fara da 60 a cire 24 tukuna kwana biyu kafin ki kai ta ɗari. Ki sayo sabuwar tsintsiya dai, tsinke 300 ba kaɗan ba ne.